Legas a zamanin Turawa: kayan kanti, kasuwa da asibiti, don wa aka tanade su?

Shin da gaske ne a zamanin mulkin Turawa kaya sun fi araha da aminci, kuma asibiti ya fi kula da talaka? Tambayar ta sake tasowa da ƙarfi tun daga 2023, shekarar da darajar naira ta faɗi warwas, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa da kansa a Nijeriya, farashin maganin asma da na hawan jini kuma ya yi tashin gwauron zabo. Wasu dattawa suna cewa a da kwinin kyauta ne, duba-gari yana zagaya gida-gida, yadin kanti kuwa sai mutum ya gaji da shi. Wasu kuma, musamman matasa masu karatun tarihi, suna cewa babu abin da Bature ya kawo sai wawashe dukiya. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma dukansu suna kallon kaya da kasuwa da asibiti kamar abubuwa uku ne da ba su haɗa hanya ba, alhali a garin tashar jiragen ruwa na wancan zamani tsari guda ne. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Legas, wadda kakanninmu fatake suke kira Ikko.

Mene ne garin tasha na mulkin mallaka?

Gari ne da ƙasar waje ta kama domin ya zame mata ƙofar shigar da kayanta da fitar da amfanin ƙasa, ba domin jama'arta su zauna su yi noma a cikinsa ba. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko suka naɗa Akitoye, da hujjar hana cinikin bayi. Bayan shekara goma, a 1861, aka sa Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa tsibirin Legas ga Ingila. Mutanen garin wajen 25,000 ne a 1866, suka kai kimanin 74,000 a 1911, suka haura 126,000 a 1931, mafi yawansu a cunkushe a kan tsibiri mai fadama wanda ba shi da magudanar ruwa.

Ita kanta tashar ta daɗe ba ta amsa sunanta ba. Tarin yashi ya tokare mashigar teku, saboda haka manyan jirage sukan tsaya can waje, ko su wuce Forcados a sauke kaya a ƙananan jirage a dawo da su. Sai da aka yi shekaru ana gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar kafin manyan jirage su fara shiga a 1914, sannan aka buɗe madakatar Apapa a 1926. Duk wani babban aiki da gwamnati ta kashe wa kuɗi a garin, daga gadar Carter ta 1901 zuwa layin dogo, an yi shi ne don kaya su riƙa wucewa ba tangarɗa.

Abin da jirage ke saukewa, da abin da gwamnati ke ci a ciki

Kan gaba a kayan da ake shigowa da su shi ne yadi daga masaƙun Manchester: akoko da alawayyo da atamfa. Sai gishiri daga Liverpool, da taba, da bindigogi da albarushi, daga baya kuma kananzir da ashana da sabulu da kwanuka da kwanon rufi da keken ɗinki. Abin da ake fita da shi kuwa manja ne da ƙwallon kwakwar manja, sannan roba a shekarun 1890, kafin koko da gyaɗa da kuza da fatu su karɓe fagen.

Har kuɗin da ake ciniki da shi a jirgi yake zuwa. A tsakiyar ƙarni na 19 kamfanonin Jamusawa na Hamburg, irin su O'Swald, suka riƙa loda wuri daga gaɓar Zanzibar suna zubawa a Legas, har ya yi yawan da darajarsa ta zube, ya zamana kuɗin ɗaukar buhun wuri zuwa nesa yana neman cinye abin da ke cikin buhun. Wannan ya share wa sule da sisi na Ingila hanya, kuma daga 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma wadda ta ɗaure kuɗin yankin da fam na Ingila.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne barasa. Ana shigo da ita akwati-akwati daga Hamburg da Rotterdam, har a wasu kasuwannin Kudu akwatin barasa ya zama kamar kuɗi, yana yawo daga hannu zuwa hannu ba a buɗe shi ba. Mutanen Legas ba sa biyan harajin kai a lokacin, don haka gwamnati ta dogara ne kacokan a kan kuɗin kwastan, kuma kafin yaƙin duniya na farko harajin barasa kaɗai yakan kai rabin abin da take samu, wasu shekarun ma ya zarce. Limaman mishan, irin su Bishop Tugwell, sun yi ta kukan a hana, aka kafa kwamitin bincike a 1909, amma ciniki ya ci gaba, domin gwamnatin da ke biyan albashi da kuɗin barasa ba za ta toshe bakin rijiyarta ba. An hana sayar da wannan barasa a Arewa bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, sai dai Arewa ba ta tsira daga lissafin ba, domin ɗaya daga cikin dalilan haɗe Kudu da Arewa a 1914 shi ne a yi amfani da rarar kuɗin kwastan na Kudu a cike giɓin baitulmalin Arewa, wanda har lokacin yake karɓar tallafi daga Ingila. Ke nan albashin likitan gwamnati da kwalbar kwinin ɗinsa, wani kaso nasu daga wannan haraji ya fito.

Hannuwan da kaya ke bi kafin su kai ga mai saye

Bature ba ya zama a kasuwa yana awon kananzir a kwalba. Kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis da Gaiser suna da rumbuna a bakin ruwa, suna ba manyan 'yan kasuwar gari kaya bashi, a kan cewa za su biya da manja idan kaka ta yi. Su kuma waɗannan su rarraba wa na ƙasa da su, har kaya su isa hannun matan kasuwa masu sayar da ashana tsinke-tsinke da sukari ƙwaya-ƙwaya. Mutane da yawa sun yi arziki ta wannan hanya: 'yantattun bayin da suka dawo daga Saliyo, waɗanda ake kira Saro, da waɗanda suka dawo daga Birazil, da 'yan asalin gari irin su Taiwo Olowo. Richard Blaize ya shahara a cikin attajiran ƙarshen ƙarnin, Muhammadu Shitta kuwa da dukiyar fataucinsa ya gina masallacin da aka buɗe a 1894, har Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya ba shi sarautar Bey.

Amma bashi igiya ce. Da farashin manja ya faɗi a Turai a shekarun 1880, 'yan kasuwar gari da dama suka rasa gidajen da suka jinginar. Daga nan ƙofofi suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 1895 kamfanin jirage na Elder Dempster ya haɗa kai da Woermann na Jamus suka tsayar da kuɗin dako, suna yi wa mai kaya rangwamen da ba za a biya shi ba sai ya yi watanni bai hau jirgin kowa ba. Bankin da aka kafa a 1894, wanda shi ne kakan First Bank na yau, yana ƙarƙashin Alfred Jones ne, wato shugaban Elder Dempster ɗin, kuma ba ya sakin hannu wajen ba baƙar fata rance. A 1929 manyan kamfanoni suka narke suka zama kamfani ɗaya mai suna UAC. Kwarori 'yan Siriya da Labanan, waɗanda suka fara isowa tun shekarun 1890, suka cike gurbin da ke tsakanin kamfani da ƙaramin ɗan kasuwa. Ɗan ƙasa da kakansa yake odar kaya kai-tsaye daga Liverpool sai ya koma dillali ko akawun kanti.

Inda Bature bai taɓa iya ƙwacewa ba shi ne kasuwar abinci, wadda take hannun mata. A lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta ɗora wa wani jami'i, Kyaftin Pullen, aikin ƙayyade farashin garin rogo da sauran abinci, tare da buɗe wuraren sayarwa na gwamnati. Matan kasuwa ƙarƙashin jagorancin Alimotu Pelewura, Musulma mai sayar da kifi wadda ba ta yi karatun boko ba, suka ƙi yarda, kaya suka koma bayan fage, har tsarin ya mutu bayan yaƙin. Haka kuma ba daidai ba ne a ce kayan waje sun kashe kowace sana'a. Marinan Abeokuta da Ibadan da farin yadin Ingila suka bunƙasa rinin adire a shekarun 1920, kamar yadda marinan Kano suka riƙa tsoma yadin kanti a baba. Wanda ya fi jin jiki shi ne masaƙi da mai kaɗi, ba marini ba.

Inda Bahaushe ya shigo

Alaƙar Hausawa da Legas ta girmi layin dogo. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar 'yan sanda masu ɗauke da makamai daga Hausawan da ke garin, da yawansu bayi ne da suka gudu, kuma daga baya aka zaunar da irin waɗannan sojoji a Obalende. Bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, tsohuwar hanyar Gwanja ta fara rauni, fatake suka gano cewa huhun goro da zai yi watanni a kan jaki zai iya hawa jirgi daga gaɓar ƙasar da ake kira Ghana a yau ya sauka Legas cikin 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya ta ruwa. Daga baya manoman Agege da Shagamu suka dasa irin goron da Arewa ke so, zangon Hausawa ya kafu a can.

Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, Turawa auduga suke fata domin masaƙun Manchester, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka zaɓe ta. Tun daga lokacin alƙiblar kasuwancin ƙasar Hausa ta juya daga Tarabulus da ayarin raƙuma zuwa teku. Shanu da fatu da gyaɗa suna gangarawa, yadi da gishiri da kananzir da goro suna hawowa, farashin da manomin Dawakin Kudu zai samu kuma ana yanke shi ne a Liverpool.

Asibiti: wa aka fara ginawa?

Turawa suna kiran gaɓar Afirka ta Yamma kabarin farar fata, saboda yadda zazzaɓin cizon sauro da shawara ke kashe su. Abin da ya fara sauya lissafi shi ne tafiyar Dakta Baikie a kogin Kwara da Binuwai a 1854, inda ya sa mutanensa shan kwinin kullum, aka dawo ba a rasa Bature ko ɗaya ba. Daga ranar aikin likita ya zama wani reshe na fatauci. Hujja mafi ƙarfi ita ce makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, wadda aka kafa a 1898 da kuɗin Alfred Jones, mai jiragen nan kuma mai banki, shekara guda bayan Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin. Mai jirgi yana bukatar akawunsa da matuƙinsa su rayu. Asibitin gwamnati na Legas ma da sojoji da ma'aikata ya fara, sannan a hankali aka buɗe wa sauran jama'a wani sashe.

Gano sauro ya haifar da ra'ayi biyu, kuma a nan ne ya kamata a yi wa tarihi adalci. William MacGregor, gwamnan Legas daga 1899 zuwa 1904, shi kansa likita ne, kuma ya tsaya a kan cewa ba za a kare Bature ba sai an gyara garin gaba ɗaya. Ya cike fadamu, ya haƙa mashigin ruwan da ya raba tsibirin da Ikoyi, ya sa a koyar da tsabta a makarantu, ya ƙarfafa wa wata ƙungiyar matan Legas gwiwa su riƙa raba kwinin ga yara da iyaye mata. Waɗanda suka gaje shi suka ɗauki hanya mafi araha, wato a raba mazauni. Aka keɓe Ikoyi ga Turawa, dokar garuruwa ta Lugard ta 1917 kuma ta zo da tsarin barin fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa zaton sauro ba zai ƙetare shi ba. Wannan tunani ne ya haifi unguwannin Turawa na Kano da Kaduna da Zariya. Abin takaici, an san hanyar da za ta amfani kowa, an ma gwada ta, aka bar ta da gangan.

Likitoci 'yan ƙasa sun sha irin wannan wariya. Nathaniel King da Obadiah Johnson da John Randle da Oguntola Sapara duk a Birtaniya suka yi karatu, takardunsu daidai da na kowane Bature. Randle ya yi ƙorafin ana biyansa kusan rabin albashin takwaransa Bature, aka sallame shi a 1893. A 1902 aka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, aka rubuta ƙarara cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga. Duk da haka Sapara ne ya kutsa cikin ƙungiyar masu bautar gunkin agana, ya fallasa yadda wasunsu ke yaɗa cutar, har gwamnati ta haramta ƙungiyar, kuma shi ne ya dage sai da ɗakin shan magani na titin Massey ya zama asibitin haihuwa a 1926. Makarantar likitanci da aka buɗe a Yaba a 1930 takardarta ba ta aiki a wajen Nijeriya. Wariyar asibiti ba ta kau a hukumance ba sai bayan abin kunyar otal ɗin Bristol a 1947, lokacin da aka hana wani babban jami'in ofishin mulkin mallaka ɗaki saboda baƙar fata ne.

Cuta ma fasinja ce

Hanyar da yadi ya bi ita annoba ta bi. A watan Satumba na 1918 jirgin ruwa ya sauke masu murar nan mai kisa a Legas, cikin 'yan makonni jirgin ƙasa ya kai ta Arewa, kuma an ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. A 1924 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta ɓulla, hukuma ta danganta shigowarta da safarar goro ta ruwa, ta kuma zauna a garin har 1931, ta kashe fiye da mutum 1,800. Sai a lokacin gwamnati ta tashi tsaye, domin tashar da aka ce tana da annoba jirage gudunta suke yi. Aka shiga farautar ɓeraye, aka rushe gidajen unguwar Oko Awo, aka kafa hukumar tsara birnin a 1928. Cunkoson da rashin magudanar da likitoci suka shekara talatin suna kuka a kansu ba su samu kuɗi ba sai da ciniki ya shiga haɗari.

Wannan ne asalin duba-garin da ake yabo a yau. Ya yi aiki, babu musu, kuma Dakta Isaac Oluwole, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin babban jami'in lafiyar Legas, ya horar da su da kyau. Amma matan da ake kai wa samame a leƙa randunansu, a ci su tara saboda ƙwan sauro alhali unguwarsu ba ta da famfo, ba da daɗi suke tuna shi ba. Ko ruwan famfo na Iju da aka buɗe a 1915 sai da ya jawo zanga-zanga, domin mutane sun ga za a sa musu harajin ruwan da Turawa za su fi kowa sha.

To ina talaka yake zuwa idan ya kwanta?

Mafi yawan mutane ba su taɓa ganin likitan gwamnati ba. A Legas ɗin ma, wadda ta fi ko'ina gata, masu maganin gargajiya da ungozoma da malamai su ne madogara, sai asibitocin mishan a garuruwan da ke ciki, kamar na Katolika da aka buɗe a Abeokuta a 1895. Giɓin da ya rage kanti ne ya cike shi. Kamfanonin da ke kawo yadi su ne ke kawo ƙwayoyi da man zafi da gishirin wankin ciki, jaridun Legas cike da tallansu, 'yan koli kuma suna kai su ƙauye. Al'adar mutum ya ji ciwo ya wuce kyamis ya sayi abin da kuɗinsa ya kai, ba tare da ya ga likita ba, a nan ta samo tushe.

Saboda haka dattijon da ya ce ya sha magani kyauta ba ƙarya yake yi ba, sai dai yawanci shekarun 1950 yake tunawa, bayan shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946, lokacin da 'yan ƙasa suka fara riƙe ma'aikatu, Dakta Samuel Manuwa ya zama shugaban aikin lafiya a 1951, asibitin koyarwa na Ibadan kuma ya buɗe a 1957. Wato abin da ake yaba wa Bature, mafi yawansa an same shi ne a shekarun da ake tura shi waje. Shi ma mai cewa ba a bar komai ba ya wuce gona da iri, domin binciken cutar shawara da aka yi a Yaba daga 1925, wanda Dakta Adrian Stokes ya rasa ransa a cikinsa a 1927, yana cikin abin da ya kai ga allurar rigakafin da ake yi wa 'ya'yanmu har yau.

Abin da ya shafi mai sayen magani a yau

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta da dalilin ƙarfafa masana'anta a cikin gida, tunda duk abin da aka ƙera a nan ragi ne ga masaƙun Ingila da kuɗin kwastan. Shekara sittin da 'yan kai bayan samun 'yanci, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna da kanta ta taɓa cewa kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Nijeriya daga waje suke zuwa, waɗanda ake haɗawa a gida ma sinadarinsu daga Indiya da Sin ake sayo shi. Kwantena tana sauka a Apapa ko Tin Can ko Lekki, kaya su bi ta Idumota da Onitsha su iso Kano, kowane hannu ya ɗora ribarsa, ga kuɗin fito da na ajiya da na mota. Shi ya sa duk ranar da dala ta motsa, mai ciwon sukari a Gusau yake ji a aljihunsa kafin wata ya ƙare. A watan Yuni na 2024 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin ɗage haraji a kan injuna da sinadaran haɗa magani na tsawon shekara biyu. Matakin zai iya rage wa masana'antun gida nauyi, amma sinadarin da aka yafe wa harajin har yanzu da dala ake sayo shi, a jirgi yake zuwa, kuma masana'antar da za ta sarrafa shi da man dizal take kunna injinta.